Me ya sa har yau ake ce wa Nintendo na'urar yara?

Abban_Humaira
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayata ga waɗanda suka san harkar na'urorin wasa ce. Kamfanin Nintendo ya sayar da Switch sama da miliyan 150, amma da zarar saurayi ko magidanci ya ce zai sayi na'ura, PlayStation ake nuna masa, a ce waccan ta yara ce. Ni a ganina kamfanin ne ya jawo wa kansa, don ya nace wa Mario da Kirby da Pokémon, ya ƙi yi wa manya nasu wasannin. Haka abin yake, ko akwai wani dalili da ban hango ba?

Injiniya_Sabo
Wa alaikumus salam, Malam. Sunan nan yana da asali, kuma ana iya sa masa shekara: 1993. A watan Satumba na shekarar aka fitar da wasan faɗan nan Mortal Kombat a na'urorin gida. Nintendo yana da dokokinsa a kan abin da zai shiga Super Nintendo, sai aka cire jinin aka mayar da shi gumi mai launin toka, aka kuma sassauta kisan ƙarshen faɗa. A Sega Genesis kuwa jinin yana nan a ɓoye, lambar sirri kawai za ka danna ya fito. Na Sega ya fi kasuwa nesa ba kusa ba. Dama Sega ya daɗe yana tallar kansa a matsayin na samari masu jini a jika, wannan ya ba shi hujja a hannu.

A watan Disamba majalisar dattawan Amurka ta yi zama kan tashin hankali a wasannin bidiyo, ƙarƙashin Joe Lieberman da Herb Kohl. Howard Lincoln na Nintendo reshen Amurka ya tsaya gabansu yana nuna cewa su masu tsare tarbiyya ne, Sega ne mai sakaci. Iyaye sun ji daɗi, amma ɗan shekara 16 ya fahimci na'urar da ba tasa ba ce. Waɗannan 'yan shekara 16 su ne suka girma suka sayi PlayStation.

Dan_Maradi
Gaskiya ne. Har Wolfenstein 3D an taɓa a Super Nintendo, an cire alamomin Nazi, karnukan da ke kawo hari aka mayar da su manyan ɓeraye.

MaiKaset64
Injiniya, ban musa tarihin ba, amma ka tsaya a tsakiyar hanya. A 1994 aka kafa hukumar ESRB mai sa wa wasanni tambarin shekaru, kuma a shekarar Mortal Kombat II ya fito a Super Nintendo da jininsa cif. Dokar ta faɗi cikin shekara guda. In da tace wasanni ne kaɗai matsalar, da an wuce wurin tuntuni.

Abin da ya raba Nintendo da manya shi ne kaset. A 1996 ya fitar da Nintendo 64 da kaset, alhali Sony yana amfani da faifan CD. Kaset mafi girma da aka taɓa yi wa N64 megabait 64 ne, faifai ɗaya kuwa yana ɗaukar megabait 650. Final Fantasy VII na 1997 faifai uku ya ci, saboda bidiyo da zanen bango masu nauyi. Kamfanin Square, wanda duk jerin Final Fantasy shida na baya a na'urorin Nintendo ya yi su, sai ya koma Sony.

Ga kuma ɓangaren kuɗi. Mai wasa dole ya yi odar kaset ta hannun Nintendo, ya biya tun kafin a buga, ya jira makonni. In ya yi odar da yawa wasan bai karɓu ba, asara a wuyansa. In ya yi kaɗan wasan ya karɓu, kafin sabon kaya ya iso kasuwar ta huce. Faifai kuwa arha ne kuma ana sake buga shi cikin kwanaki. To wane wasa mai kamfani zai yi kasadar sa wa a kaset? Wanda ya tabbata iyaye za su saya. Shi ya sa wasannin N64 gaba ɗaya ba su kai 400 ba, na PlayStation kuwa dubbai. N64 ta tsaya a miliyan 32.9, PlayStation ta haura miliyan 100.

Sarkin_Aska
To amma GoldenEye 007 a N64 yake, kuma wasan harbi ne da ɗaliban jami'a suka yi ta kwana a kansa. Sannan Nintendo da kansa ya fitar da Conker's Bad Fur Day, mai cike da ashar da shaye-shaye. Wannan ba ƙoƙari ba ne?

MaiKaset64
GoldenEye ka yi daidai, ya sayar da kimanin miliyan 8. Conker kuwa ba Nintendo ya wallafa shi ba. Kamfanin Rare ne ya fitar da abinsa a Amurka a Maris 2001, THQ ya fitar a Turai, mujallar Nintendo Power ma ba ta tallata shi ba. Ya zo a ƙarshen rayuwar na'urar, bai yi kasuwa ba. Shekara mai zuwa, a Satumba 2002, Microsoft ya saye Rare kan dala miliyan 375. Kamfanin da ya yi GoldenEye da Perfect Dark ya koma hannun abokin hamayya ke nan.

Ummu_Nabila
Ni ban ga abin kunya a sunan ba, kuma ban yarda kamfanin yana son rabuwa da shi ba. Ku duba yadda aka gina Switch. Kaset ɗinta an shafe shi da wani sinadari mai ɗaci, denatonium benzoate, don kada ƙaramin yaro ya haɗiye. Akwai manhajar kulawar iyaye da ake sa wa a waya: uwa ta sa iyakar lokacin wasa a rana, ta sa lokacin barci, ta hana buɗe wasan da ya wuce shekarun yaron, ta hana hira da baƙi, kuma kowane wata ta ga abin da aka fi bugawa. In ta kunna zaɓin dakatarwa, da lokaci ya cika na'urar tana tsayar da wasan da kanta, sai an sa lambar sirri.

Wanda ya yi wannan aikin duka ya san wa ke ciro kuɗi daga jaka. Uwa da uba ai manya ne. Malam Abban_Humaira, tambayarka ta ɗauka cewa babba sai ya ga jini zai yi wasa, ni kuma ban yarda da wannan ba.

Abban_Humaira
Hajiya, ba jini nake nufi ba. Ina nufin ƙwallo, tseren mota na gaske, yaƙi, labari mai nauyi. Abin da mutum zai zauna da abokansa su buga bayan isha'i.

Injiniya_Sabo
Ku dubi GameCube, don ita ce ta rusa zancen cewa rashin ƙarfi ne kullum. Ta fito a 2001 da furosesa mai gudun 485 MHz, ta PlayStation 2 kuwa 294 MHz. A hoto GameCube ta fi. Kuma kamfanin ya nemi manya da gaske a lokacin: Eternal Darkness na 2002 shi ne wasa na farko mai tambarin M, wato na manya, da Nintendo ya wallafa da kansa, ga Metroid Prime daga Retro Studios na Texas, ga sabon zubin Resident Evil.

Abubuwa huɗu suka kayar da ita. Faifanta ƙarami ne mai faɗin santimita 8, yana ɗaukar gigabait 1.5, DVD na Sony kuwa 4.7, don haka manyan wasanni sai an matse su ko an raba su biyu. Ba ta kunna fim, alhali a 2001 mutane da yawa PS2 ce na'urar DVD ɗinsu ta farko, wannan ya ba magidanci dalilin ajiye ta a falo. Siffarta akwati ce mai launin shuɗi-shunayya da mariƙi a baya, wadda a shago ta fi kama da kayan wasan yara. Sannan hannun wasanta yana da ƙarancin maɓallai: sandunan ba sa dannuwa, maɓallin kafaɗa uku ne maimakon huɗu, duk wasan da aka tsara wa PS2 sai an sake masa tsarin dannawa. Grand Theft Auto III ya fito a Oktoba 2001, ya zama abin da kowane saurayi ke magana a kai, bai taɓa zuwa GameCube ba. Ta ƙare a miliyan 21.7, PS2 ta wuce miliyan 155.

Bature_Zongo
Ka manta da Zelda. A bikin baje kolin Nintendo, Space World, na 2000 an nuna jarumin wasan Link da abokin gabarsa Ganondorf suna faɗan takobi cikin zane mai kama da gaske. A 2001 sai aka nuna The Wind Waker da zanen katun, yaro mai manyan idanu. Wasan yana da kyau ƙwarai, yau ana yabonsa, amma a lokacin ya tabbatar wa masu suka abin da suke faɗa.

Dan_Maradi
Da kuma alkawarin Capcom. A ƙarshen 2002 ya sanar da wasanni biyar don GameCube. An soke Dead Phoenix. Viewtiful Joe da Killer7 sun tafi PS2. Resident Evil 4, wanda shi ne babban, an sanar zai je PS2 tun kafin ya fito a GameCube a Janairu 2005. P.N.03 kaɗai ya tsaya. Mai PS2 da ya ji haka me zai sa ya sayi na'ura ta biyu? Jira kawai zai yi.

Malam_Lissafi
Ina jin ku, amma kuna ba da tarihin faɗuwa kuna tsallake lokacin da kamfanin ya fi kowa samun manya. Satoru Iwata ya hau shugabancin Nintendo a 2002, manufarsa ita ce faɗaɗa yawan masu wasa, wato a jawo wanda bai taɓa riƙe hannun wasa ba. Brain Age na 2005 a kan DS, na'urar hannu ta Nintendo, an gina shi kan aikin Farfesa Ryuta Kawashima na Jami'ar Tohoku, lissafi ne da karatu da ƙarfi, ana riƙe na'urar kamar littafi. Wii Fit ya zo da allon da ake takawa, yana auna nauyi da daidaiton tsayuwa. Wii Sports ya shiga har gidajen kula da tsofaffi a Amurka da Ingila. Wii ta sayar da miliyan 101.6, DS miliyan 154. Waɗannan ba yara suka saye su duka ba.

MaiKaset64
Malam, sun saya, amma ba su zauna ba. Wanda ya sayi Wii don motsa jiki ya sayi wasa biyu ko uku ya tsaya. Da wayoyin zamani suka yaɗu bayan 2008, wasan lissafi da na kashe lokaci suka koma kyauta a aljihu, wannan rukunin ya tafi bai dawo ba.

Rukuni na biyu, masu sayen wasa goma a shekara, Wii ba ta iya ɗaukar abin da suke so. Tana da RAM, wato ma'adanar aiki, megabait 88, Xbox 360 tana da 512. Hotonta bai wuce 480p ba, a daidai lokacin da talabijin masu HD ke shiga gidaje. Furosesarta mai ƙwaya ɗaya ce a 729 MHz, ta Xbox ƙwaya uku a 3.2 GHz. Ma'anar wannan ga mai ƙera wasa ita ce, wasa ɗaya zai yi wa PS3 da Xbox 360 da kwamfuta, amma Wii sai ya ɗauki wata tawaga daban ta sake ginawa daga tushe. Call of Duty 4 ya fito a 2007, bai iso Wii ba sai 2009.

Sarkin_Aska
An gwada fa. MadWorld, No More Heroes, The House of the Dead: Overkill, Dead Space Extraction, duk a Wii. GTA: Chinatown Wars a DS.

Injiniya_Sabo
An gwada, kuma sakamakon ne ya ƙara rufe ƙofar. MadWorld da Chinatown Wars duk sun fito a Maris 2009, masu sharhi sun yaba musu, amma a watan farko a Amurka kowannensu bai kai kwafi dubu 100 ba, a kan na'urorin da ke hannun mutum miliyoyi. Daga nan abin ya zama zagaye: kamfanoni suka ce masu Nintendo ba sa sayen wasan manya, suka daina kawowa, masu son wasan manya suka ga babu, suka daina sayen na'urar, ƙididdiga ta gaba ta sake ba kamfanonin gaskiya. Karya irin wannan zagayen sai mai na'urar ya zuba kuɗinsa. Shi ya sa Nintendo ya ɗauki nauyin Bayonetta 2 a 2014, wasan da ba don haka ba da bai fito ba.

Oga_Shagon_Gem
Ku sauko kan ƙwallo, don a wajenmu nan ne maganar take ƙarewa. Shagon gem a Kano ko Kaduna ko Zinder da ƙwallo yake rayuwa. Mutum biyu, hannu biyu, talabijin ɗaya, a biya kuɗin wasa ko na awa. Mai shago zai sayi na'urar da ke da ƙwallo cikakkiya ne kawai.

A Wii U FIFA ɗaya aka taɓa yi, FIFA 13. A Switch, daga FIFA 20 har FIFA 23 abin da ake kira Legacy Edition ake sayarwa: a sabunta sunayen 'yan wasa da riguna, amma yadda ƙwallon ke tafiya yana nan kamar na shekarar baya. Sai a EA Sports FC 24 na 2023 aka kawo injin Frostbite irin na sauran na'urori, shi ma yana tafiya a hoto 30 a daƙiƙa, na PlayStation kuwa 60. Wanda ya saba zai ji bambancin a yanka da bugun fanareti. Kuma ba ka iya karawa ta intanet da mai PS. PES na Konami, wanda ya daɗe yana riƙe shagunanmu tun zamanin PS2, bai zo Switch ta farko ba.

Ƙari a kan haka, hannayen wasan Switch, wato Joy-Con, ba za su jure hannu talatin a rana ba. Sai ka sayi Pro Controller daban, kuɗi ya ƙaru.

Gyaran_Waya_Fagge
Tunda an taɓo Joy-Con, ga abin da ke faruwa a ciki. Sandar tana da 'yan ƙarafa da ke gogar wani shafi mai garin gawayi don auna inda ka karkata. Da gogayya da ƙura shafin yana cinyewa, sai na'urar ta riƙa ganin motsi alhali ba ka taɓa ba. A ƙasa mai hazo abin yana saurin zuwa.

Kafin a buɗe, a shiga saitin na'ura, sashen hannayen wasa, a sake daidaita sandar. In ɗigon yana rawa shi kaɗai, a ɗaga robar da ke ƙarƙashin kan sandar a fesa ɗan ruwan wanke lantarki, a juya ta, a bari ta bushe. Wannan na ɗan lokaci ne. Gyaran gaske canza sandar ne: kusoshi huɗu a baya masu baki uku, sai da sukuddireba Y00, na ciki kuma PH00. A buɗe murfin a hankali kamar littafi don akwai siraran wayoyi a gefen dogo. A cire batir da abin roba, ba ƙarfe ba. A ɗaga 'yan makullan wayoyin kafin a ja, nan ne masu koyo suka fi tsinkawa, musamman ta maɓallin ZL ko ZR. Sandar kusoshi biyu ke riƙe ta. In an samu mai aiki da maganaɗisu, wadda ake kira Hall, ta fi daɗewa don babu gogayya a cikinta. Bayan an rufe a sake daidaitawa.

Ummu_Nabila
Allah ya saka da alheri, Malam. Wannan ya amfani iyaye da yawa.

Bature_Zongo
Mu koma kan tambayar. Ba wanda ya yi maganar intanet, kuma ita ce ta fi korar manya. Xbox Live, tsarin wasa ta intanet na Microsoft, ya fara a Nuwamba 2002 da suna ɗaya, jerin abokai ɗaya, da magana ta lasifikar kunne. A DS da Wii kuwa kowane wasa yana da lambar abota mai lamba 12, sai ku biyun kun shigar da ta juna kafin ku haɗu. An yi haka ne don kare yara daga baƙi, niyya mai kyau, amma babban mutum da ke son buga wasa da abokin aikinsa ba zai jure ba. Ko a Switch, magana a Splatoon 2 sai ta manhajar waya, wato sautin wasa a na'ura, muryar aboki a waya. Lasifikar kunne ta Bluetooth ma sai a Satumba 2021 aka buɗe mata hanya, shekara huɗu da rabi bayan fitowar na'urar.

Malam_Lissafi
Wii U ce darasin da ya fi tsada. An ce za ta dawo da masu wasa na gaske, ta fito a Nuwamba 2012 da Call of Duty: Black Ops II, Assassin's Creed III, Mass Effect 3 da ZombiU. Amma yawancinsu wasanni ne da mutane ke da su a PS3 da Xbox 360. Sunan ya rikita iyaye, da yawa sun ɗauka ƙarin hannu ne na tsohuwar Wii. Mai ma'adanar gigabait 8 idan ka kunna ta kusan 3 kawai ya rage maka. RAM gigabait 2 ne, ɗaya kacal na wasa. Shekara guda bayan haka PS4 da Xbox One suka zo da gigabait 8 da tsari irin na kwamfuta, Wii U ta rage ita kaɗai a kan tsarin furosesa na PowerPC. A Mayun 2013 EA ya ce ba shi da wani wasa da yake yi mata. Ta tsaya a miliyan 13.56, kamfanin ya yi shekara uku a jere yana asara a harkar gudanarwa, Iwata ya rage rabin albashinsa a 2014.

Injiniya_Sabo
Daga nan ne aka canja salo, kuma wannan ne amsata ga Abban_Humaira. Ku sake kallon tallar farko ta Switch ta 20 ga Oktoba 2016. Babu yaro ko ɗaya a ciki. Saurayi a jirgin sama, 'yan mata da samari a kan soro, masu ƙwallon kwando bayan sun tashi daga fili, ga Skyrim a allo. Kamfanin ya gane cewa abin da babba ya rasa lokaci ne da talabijin, don talabijin ɗin falo na iyali ne. Sai aka ba shi na'urar da zai ɗauka ya buga minti ashirin, ya danna maɓalli ta yi barci, gobe ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Ta fannin ƙira kuma an zaɓi cip ɗin Tegra X1 na Nvidia, wanda injinan ƙera wasa Unreal 4 da Unity suka sani, don haka kawo wasa ya yi sauƙi. Amma akwai abin da aka rasa. RAM gigabait 4 ne, kuma sashen zane yana gudu a 768 MHz in tana kan mazauninta, ya sauka zuwa kusan 307 in tana hannu don tattalin batir. Doom na 2017 an rage shi daga hoto 60 zuwa 30 a daƙiƙa. The Witcher 3 na 2019 an cusa shi a kaset mai gigabait 32, yana 540p a hannu, 720p a talabijin, an rage ciyayi da inuwa da nisan gani. Aikin gwaninta ne, amma wanda ke da PS4 ya san ragagge yake bugawa, kuma shekara huɗu bayan kowa. Mortal Kombat 1 na 2023 ya nuna iyakar abin: dala 70 kamar na PS5, fuskoki sun lalace, jira ya yi yawa.

Sarkin_Aska
Kuma har Switch ta tsufa babu GTA V, babu Call of Duty. Call of Duty na ƙarshe a na'urar Nintendo kafin Switch shi ne Ghosts na 2013. Microsoft ya sa hannu a 2023 kan yarjejeniyar shekara goma ta kawo shi, amma wasan da ke cin sama da gigabait 100 ina zai zauna a ma'adana mai 32?

Malam_Lissafi
Duk da haka alƙaluman kamfanin sun saɓa wa abin da ake faɗa a titi. A taron masu hannun jari na Nuwamba 2021 ya nuna jadawalin shekarun masu wasa a Switch, tudun ya fi tsawo a kan 'yan shekara ashirin da 'yan kai, kuma 'yan talatin da arba'in suna da yawa. Animal Crossing: New Horizons ya fito a Maris 2020 lokacin kullen korona, ya haura miliyan 45. Breath of the Wild ya haura miliyan 30, kuma duk wanda ya buga shi ya san ba wasan da ke riƙe maka hannu ba ne. Yaron da ya buga Mario a 1990 yanzu yana da albashi da 'ya'ya. Ni a wajena manyan suna nan, wasan Nintendo suke bugawa.

Oga_Shagon_Gem
A Japan da Amurka ke nan, Malam. Mu nan abin da yara suka tashi da shi kwaikwayon Famicom ne, tsohuwar na'urar Nintendo, na China mai kaset rawaya, daga shi aka tsallaka Sega, aka tsallaka PlayStation. N64 da GameCube ba su yi yawa a kasuwanninmu ba, PS2 kuwa ana sa mata cip ta karanta faifan kwafi mai arha. Wannan ƙaunar ta ƙuruciya da ke sa ɗan shekara 35 a Tokyo ya sayi Zelda, mu a kan Winning Eleven da God of War ta ginu.

Dan_Maradi
Amma akwai inda Switch ta fi dacewa da mu: wuta. PS4 ta farko tana jan sama da watt 100 in ana wasa, PS5 kusan 200, ban da talabijin. Switch a kan mazauninta ba ta kai watt 20 ba, ƙaramar sola ta ishe ta. A hannu, ta farko tana yin awa 2.5 zuwa 6.5, wadda aka gyara a 2019 awa 4.5 zuwa 9. Ana gane sabuwar da jan kwali da lambar jiki mai farawa da XK. In za a haɗa ta da fawa bank, a nemi mai USB-C PD, don na waya mai bolt 5 ba ya cika ta in ana wasa mai nauyi. Mazaunin kuma cajarsa ta asali yake so, mai ba da bolt 15, in ba haka ba hoto ba zai fita talabijin ba. A guji mazaunin da ba na asali ba, a 2018 an samu rahotannin waɗanda suka kashe na'urori.

Abban_Humaira
Na ƙaru ƙwarai. Na ga maganata ta farko ba ta ɗauke abin duka ba, amma har yanzu ina nan a kan cewa zaɓin kamfanin ne. Shi ya zaɓi kaset, shi ya zaɓi ƙaramin faifai, shi ya zaɓi rage ƙarfi. To Switch 2 fa, ta gyara?

MaiKaset64
Zaɓi ne, kuma tsoho ne. Gunpei Yokoi, wanda ya ƙera Game Boy a 1989, ra'ayinsa shi ne a ɗauki fasahar da ta kwana biyu ta yi arha, a yi mata sabon amfani. Game Boy mai allo marar launi ta doke Game Gear mai launi saboda batir da farashi.

Switch 2 ta fito ran 5 ga Yuni 2025 kan dala 449.99, ta sayar da miliyan 3.5 a kwana huɗu. RAM gigabait 12, ma'adana 256, allo inci 7.9 mai 1080p, da fasahar DLSS da ke zana hoto ƙarami ta ɗaukaka shi. Cyberpunk 2077 ya fito tare da ita a rana ɗaya, cikakke a kaset mai gigabait 64. An sa maɓallin C na hira da makirufo a jikin na'urar, wanda ke amsa koken Bature_Zongo, kuma ɗan ƙasa da shekara 16 sai da amincewar iyaye ta manhaja. FromSoftware, masu Elden Ring, sun sanar da The Duskbloods a kanta kaɗai. Farashin ma ya nuna wa ake nema: Mario Kart World dala 79.99 ne.

Gyaran_Waya_Fagge
Mai niyyar saye ya kula da abu biyu. Katin ƙarin ma'adana na tsohuwar Switch ba ya ɗaukar wasa a sabuwar, sai microSD Express, kuma ya fi tsada. Na biyu, yawancin wasannin wasu kamfanoni suna zuwa a kaset ɗin da babu wasan a ciki, mabuɗi ne kawai. Ka sa shi, ka sauke wasan gaba ɗaya ta intanet, gigabait gommai, sannan kullum sai kaset ɗin yana ciki zai buɗe. Ana iya ara ko sayar da shi, amma duk wanda ya karɓa sai ya sake saukewa. Akwai farin layi a ƙasan kwalin mai hoton mabuɗi da adadin gigabait ɗin da za a sauke, a duba kafin a biya. Wasannin manyan da muke magana a kansu su suka fi zuwa a haka, Street Fighter 6 na cikinsu.

Ummu_Nabila
To ga matsala ta ɓangarenmu. Dala 450 ba kuɗin da uwa za ta sa a hannun ɗan shekara bakwai ba ne. Switch Lite dala 199.99 aka fitar da ita a 2019, shi ya sa gida ɗaya ke iya sayen biyu. In kamfanin ya bi manya har ya bar yara a baya, wa zai girma da ƙaunar Mario nan da shekara ashirin? Abin da Malam_Lissafi ya nuna a jadawali ai yaran jiya ne.

Oga_Shagon_Gem
Hajiya tana da hujja. Ni dai ma'aunina bai canja ba: ƙwallo ta zo a rana ɗaya da ta PlayStation, a hoto 60 a daƙiƙa, a iya karawa da mai PS5 ta intanet, hannun wasa kuma ya samu a kasuwa da kayan gyaransa. Malam Gyaran_Waya_Fagge, sandunan Switch 2 masu maganaɗisu ne, ko har yanzu masu gogayya?

Gyaran_Waya_Fagge
Kamfanin ya ce an sake musu ƙira kuma sun fi girma, amma ya tabbatar ba na Hall ba ne. Maganaɗisun da ke jikinta na manna hannayen da na'urar ne. Waɗanda suka buɗe ta sun tarar da tsarin gogayya irin na da, don haka mai shago ya tanadi sanduna na canji tun daga farko.